Me Ya Sa Aka Mayar Da Kolumbus Sifaniya Ɗaure Da Mari?

"Assalamu alaikum, Malam. Ina koyar da tarihi a makarantar sakandare, kuma a cikin wani karatu da nake yi na ci karo da labarin cewa Kiristofa Kolumbus, wanda muke gaya wa yara shi ne ya buɗe wa Turawa hanyar Amurka, an taɓa kama shi an mayar da shi Sifaniya a ɗaure. Shin da gaske ne? Idan haka ne, zaluncin da ya yi wa mutanen ƙasar ne ya jawo masa, ko kuwa hassada ce da makirci irin na fada? Kuma yaya ya ƙare?"

Wa alaikumus salam, Malam. Labarin gaskiya ne. A watan Satumba na 1500 aka kama Kolumbus a garin Santo Domingo da ke tsibirin Hisfaniyola, wato tsibirin da ƙasashen Haiti da Jamhuriyar Dominika suke a yau, aka sa masa mari a ƙafa shi da ƙannensa biyu, Bartolome da Diego, aka ɗora su a jirgin ruwa zuwa Sifaniya. Shekara 8 ke nan kacal bayan tafiyarsa ta farko. Amma tambayarka ta haɗa abubuwa biyu da na saba rabawa duk lokacin da nake koyar da wannan babi: sa masa mari daban, tuɓe shi daga gwamna daban. Marin aikin mutum ɗaya ne, kuma cikin 'yan makonni aka cire shi har da ban haƙuri. Tuɓewar kuwa nufin Sarki Fadinan da Sarauniya Isabela ce, kuma har ya mutu ba su janye ta ba.

Yarjejeniyar da ta fi ƙarfin masu sa hannu

Asalin rigimar yana cikin takardar da aka sa wa hannu a Santa Fe, kusa da Granada, ranar 17 ga Afrilu 1492. A cikinta aka ba Kolumbus muƙamin babban kwamandan teku, da na wakilin sarki kuma gwamna a duk ƙasar da ya gano, da ushirin duk zinariya da lu'ulu'u da kayan yaji da za a samu bayan an cire kuɗin da aka kashe, sannan takardun da suka biyo baya suka tabbatar da cewa muƙaman za su zama gado ga zuriyarsa. Wanda ya dubi waɗannan sharuɗɗa zai yi mamakin yadda sarakunan da suka sha fama wajen karya ƙarfin manyan masu sarautar Kastil, babbar masarautar Sifaniya, suka yarda su miƙa irin wannan iko ga baƙo, ɗan masaƙi daga birnin Jenowa na Italiya. Amsar ita ce a lokacin ba su san abin da suke bayarwa ba. Jirage 3 ne za su tafi neman hanyar Asiya ta yamma, idan sun ɓace asarar ba ta da yawa, idan kuma sun dace wataƙila a sami 'yan tsibirai da tashar ciniki. Alkawari a kan abin da babu shi ba ya da tsada.

Akwai kuma wani saɓani da ba a rubuta a takardar ba, wanda a ganina shi ne mabuɗin fahimtar duk abin da ya biyo baya. Kolumbus ya yi shekaru a Fotugal, kuma ya bi jiragen mutanen Fotugal zuwa gaɓar Afirka ta Yamma har ya ga sansanin cinikinsu na Elmina, wanda aka gina a 1482 a ƙasar da ake kira Ghana a yau. Tsarin da ya gani a can shi ne ya ɗauka a ransa: ganuwa a bakin teku, ma'aikata masu albashi, zinariya ta shigo ta ƙofa ɗaya, ribar kuma ta sarki ce da wakilinsa kaɗai. To amma a Elmina akwai 'yan kasuwar Akan da ke kawo zinariyar da aka riga aka haƙa suna neman tufafi da tagulla. A Hisfaniyola babu irin wannan kasuwa, mutanen Taino, wato 'yan asalin tsibirin, manoman rogo ne da masunta, zinariyar da ke hannunsu ta ado ce wadda suka tsinta a rafuka. Su kuma Sifaniyawan da suka biyo shi sun taso ne a kan al'adar yaƙin ƙwace Andalus daga hannun Musulmi, inda wanda ya yi yaƙi yake samun ƙasa da ganima da talakawan da za su yi masa noma. Shi yana kallonsu a matsayin ma'aikatansa, su kuwa suna ganin sun zo ne su zama iyayen gida.

Shekaru bakwai na mulki

A tafiya ta biyu, a watan Satumba na 1493, ya fita da jirage 17 da mutum fiye da 1,000. Da suka iso suka tarar an ƙone sansanin La Navidad, mutum 39 da ya bari a can kuma babu ko ɗaya da rai. Ya kafa sabon gari mai suna La Isabela a wurin da bai dace ba, cuta da yunwa suka shiga mutane, abincin da aka zo da shi daga Turai ya lalace, baƙin kuma ba su saba da gurasar rogo ba. Mutanen da aka yi wa alkawarin tsintar zinariya suka gane kallon kitse suka yi wa rogo. Kolumbus ya tilasta wa kowa aikin gini da niƙa, har da masu jinin sarauta waɗanda a ƙasarsu aikin hannu abin kunya ne, wanda ya ƙi kuma a rage masa rabon abinci ko a yi masa bulala. Tun kafin 1494 ta ƙare, manyan mutane biyu, kwamandan soja Pedro Margarit da malamin coci Bernardo Buil, suka shiga jirgi suka koma Sifaniya suka kai ƙararsa fada. A 1495 aka aiko Juan Aguado ya duba abin da ke faruwa. Ka ga ke nan binciken 1500 ba shi ne na farko ba.

Abin da ya auka wa mutanen Taino a wannan tsakanin ya fi wannan muni nesa ba kusa ba. Da zinariya ta ƙi samuwa yadda ya yi alkawari, Kolumbus ya juya ga mutane. A watan Fabrairu na 1495 aka tara kimanin mutum 1,500, aka zaɓi wajen 500 aka loda a jirage zuwa Sifaniya don a sayar, kusan 200 daga cikinsu suka mutu a teku. A shekarar kuma ya ɗora haraji a kan duk wanda ya kai shekara 14: a yankin da ake samun zinariya, kowane wata 3 mutum ya kawo garin zinariya cikin 'yar ƙararrawa irin wadda Turawa ke ɗaura wa shaho a ƙafa, a sauran wurare kuma a kawo auduga. Rafukan ba su da zinariyar da za ta cika wannan ma'auni, sai mutane suka bar gonaki suka gudu duwatsu, yunwa ta bi su can.

A 1496 ya koma Sifaniya don ya kare kansa, ya bar mulki a hannun ƙanensa Bartolome, mutum mai zafin hannu. Bai dawo ba sai a watan Agusta na 1498, kuma ya tarar da tsibirin a rabe. Francisco Roldan, wanda shi da kansa ya naɗa babban alƙali, ya yi tawaye ya ja mutane masu yawa zuwa yankin Jaragua a yamma, inda suka zauna suna cin gumin mutanen ƙasar. Kolumbus ba shi da ƙarfin da zai murƙushe su, don haka a 1499 ya yi sulhu mai kama da miƙa wuya: ya mayar wa Roldan alƙalancinsa, ya raba wa 'yan tawayen filaye tare da mutanen Taino da za su yi musu aiki, waɗanda suka zaɓi komawa gida kuma aka bar su suka tafi da bayi. Daga wannan rabo ne tsarin aikin tilas da ya cinye mutanen tsibirin ya samo tushe. Bayan ya sassauta wa manyan 'yan tawaye, sai ya tsananta wa waɗanda suka tayar da ƙura daga baya, ya shiga rataye su, cikin waɗanda aka kashe a wannan lokaci har da wani jagoransu mai suna Adrian de Mujica. Gwamnan da ya durƙusa wa mai ƙarfi ya kuma rataye mara ƙarfi ba ya samun tsoro daga na farko, ba ya samun ƙauna daga na biyu.

Wani abin da ɗalibaina kan yi mamakinsa shi ne Kolumbus da kansa ne ya rubuta wa sarakunan yana roƙon a aiko masa da masanin shari'a ya taimaka wajen hukunta masu laifi. Sun amsa roƙon, amma ba yadda ya nufa ba.

Zuwan Bobadilla

A watan Mayu na 1499 aka rubuta takardun da suka ba Francisco de Bobadilla, wani jarumin ƙungiyar mayaƙan addini ta Calatrava kuma tsohon bawan fada, ikon bincike da ikon karɓar mulkin tsibirin da ganuwoyinsa da makamansa. Ka lura da wannan kwanan wata, Malam, domin yana nuna cewa an yanke shawarar sauya gwamna fiye da shekara guda kafin a saurari shaida ko ɗaya. An riƙe Bobadilla bai tashi ba sai a tsakiyar 1500, kuma a wannan jira abubuwa suka ƙara ɓaci wa Kolumbus a gida. Waɗanda suka dawo daga tsibirin ba a biya su albashi ba suka yi dafifi a fadar Alhambra ta Granada suna bin sarki da kukan a biya su. Ɗansa Fernando, wanda a lokacin yaro ne mai hidima a fadar sarauniya, ya ba da labarin yadda idan shi da wansa suka gifta ake yi musu ihu ana kiransu 'ya'yan kwamandan sauro, wanda ya gano ƙasar ruɗi da ta zama kabarin 'ya'yan Kastil. Sannan bayin da 'yan tawaye suka dawo da su sun fusata Isabela, wadda aka ruwaito ta tambayi wa ya ba kwamandan ikon raba talakawanta ga wani. Ranar 20 ga Yuni 1500 ta ba da umarni a tattara waɗanda aka samu a mayar da su ƙasarsu. Ɗaya daga cikinsu yaro ne da aka ba wani saurayi a birnin Sabil na Sifaniya mai suna Bartolome de las Casas, wanda daga baya ya zama malamin coci kuma babban mai kare mutanen ƙasar, kuma ta bakinsa muka sami yawancin wannan labari.

Bobadilla ya iso Santo Domingo ranar 23 ga Agusta 1500. Abin da ya fara gani daga cikin jirgi shi ne gawarwakin Sifaniyawa a rataye a bakin kogi, aka kuma gaya masa an rataye mutum 7 a wannan makon, wasu 5 suna kurkuku suna jiran nasu. Kolumbus yana can cikin ƙasa a yankin La Vega, Bartolome yana Jaragua yana farautar 'yan tawaye, Diego ne ke riƙe da gari. Bobadilla ya nemi a miƙa masa fursunonin, Diego ya ƙi, ya ce ikon wansa ya fi na kowace takarda. Sai Bobadilla ya sa aka karanta takardun sarakuna a bainar jama'a, ya fasa ganuwa ya karɓi fursunonin, ya tare a gidan Kolumbus ya ƙwace takardunsa da dukiyarsa. Ya yi shelar za a biya bashin albashi, ya kuma sassauta kason da masu haƙar zinariya ke biya har na shekara 20. Cikin kwana kaɗan gari ya koma bayansa.

Da Kolumbus ya iso a watan Satumba aka tsare shi. Las Casas ya ce da aka zo sa marin kowa ya ja da baya don kwarjininsa, sai kukunsa, wani mai suna Espinosa, shi ne ya fito ya ɗaura masa. A farkon Oktoba aka sa shi a jirgi mai suna La Gorda. Da suka fita teku, waɗanda aka ba amanar kai shi suka nemi su cire masa marin, ya ƙi, ya ce da sunan sarakuna aka sa masa, sai da umarninsu za a cire. Wannan ƙi ba tawali'u ba ne kawai, dabara ce ta mutumin da ya san darajar abin da ido ya gani. Ya sauka a tashar Kadis ta Sifaniya da marinsa, mutane suka ga tsohon da ya gano sabuwar duniya yana jan ƙarfe, tausayi ya juya gare shi.

Abin da shaidu suka faɗa

Shekaru ɗaruruwa masana suna dogara ne da ruwayar ɗansa Fernando da ta Las Casas, su biyun kuma suna ganin girman Kolumbus, shi ya sa Bobadilla ya daɗe a littattafai a matsayin azzalumin da ya wulaƙanta gwarzo. Sai a 2005 wata ma'aikaciyar gidan adana takardun tarihi na Simancas, Isabel Aguirre, ta gano kwafin binciken da Bobadilla ya yi, masaniyar tarihi Consuelo Varela kuma ta nazarce shi aka buga a 2006. Shaidu fiye da 20 aka saurara, tambayoyin kuma sun karkata ga abu 3: ko Kolumbus ya yi yunƙurin tara mutane ya yaƙi wakilin sarakuna, ko ya hana a yi wa mutanen ƙasar baftisma, wato wankan shiga addinin Kirista, da kuma yadda yake zartar da hukunci.

Abin da ke ciki ba ya da daɗin ji. An ba da labarin mutumin da aka yanke wa hanci da kunnuwa saboda satar hatsi, aka kuma sayar da shi bawa. An ba da labarin matar da ta ce Kolumbus ba ɗan asali ba ne, Bartolome ya sa aka zagaya da ita gari tsirara a kan alfadari aka yanke mata harshe, wansa kuma ya yaba masa da kare mutuncin gida. An yi ta maimaita zargin hukunci ba tare da shari'a ba, da riƙe albashi da abinci. Kan baftisma, shaidu sun ce ba a yi wa kowa sai da izininsa, kuma sun fassara hakan da cewa wanda ya zama Kirista ba ya sayuwa a matsayin bawa, alhali masu kare shi suna cewa so yake a koyar da mutum addinin tukuna.

Idan na kawo wannan a aji nakan sa ɗalibai su yi wa takardar tambayoyin da za su yi wa kowace shaida a gaban alƙali: wa ya tara ta, me zai samu, su wa aka kira, su wa aka bari. Bobadilla shi ne mai bincike, shi ne alƙali, shi ne kuma wanda zai gaji kujerar wanda ake tuhuma, yawancin mutanen gari kuma suna da haushin gidan Kolumbus kuma sun riga sun ga inda iska ta kaɗa. Wannan ya isa ya sa mutum ya yi taka-tsantsan da kowane labari ɗaya ɗaya. Amma ba zan yarda a jefar da takardar gaba ɗaya ba, domin zarge-zargen sun dace da ƙorafin da Margarit da Buil suka kai tun 1494, yanke hanci da kunne kuma yana cikin umarnin da Kolumbus ya rubuta da kansa a waccan shekarar game da mutanen ƙasar da aka kama da sata. Las Casas ma, duk da ƙaunarsa ga Kolumbus, ya shaidi Bobadilla da cewa mutum ne mai sauƙin kai wanda bai taɓa jin an zarge shi da kwaɗayi ba. Ni malamin tarihi ne, ba masanin dokokin Kastil na wancan zamani ba, don haka abin da zan faɗa kan haddin ikonsa ra'ayi ne: takardunsa sun ba shi damar karɓar mulki da tura duk wanda ya ga dama zuwa Sifaniya, amma sa wa wakilin sarki mari ba tare da an saurare shi yadda ya kamata ba wuce gona da iri ne, kuma yadda sarakunan suka yi daga baya ya nuna su ma haka suka gani.

Yanzu ga tambayarka kai tsaye. Shin zaluncin da aka yi wa Taino ne ya kayar da shi? Kaɗan ne daga cikin dalilan, kuma ba ta fuskar da muke zato ba. Babu mutumin Taino ko ɗaya da aka kira ya ba da shaida. Fushin Isabela na gaskiya ne, amma a kan iko ya fi tsayawa: waɗannan talakawanta ne, ba wanda zai raba su sai da izininta. Hujjar da ta fi gamsar da ni ita ce abin da ya biyo baya. A zamanin Bobadilla aikin tilas a ramukan zinariya ƙaruwa ya yi. Gwamnan da ya gaje shi, Nicolas de Ovando, shi ne a 1503 ya tara sarakunan Jaragua da sunan biki ya ƙone su a cikin ɗaki, ya rataye sarauniyarsu Anacaona, kuma ya ci gaba da mulki har 1509 ba wanda ya sa masa mari. Wuyan Sifaniyawa da Kolumbus ya rataye shi ne ya fi yi masa illa a fada.

Hassada kuwa akwai ta, kasancewarsa baƙo ya sa kowane kuskurensa ya ninka, kuma tsakaninsa da Bishop Juan Rodriguez de Fonseca, mai kula da harkokin jiragen, babu jituwa. Sai dai hassada ba ta kayar da mutumin da ke kawo riba. A 1499 Vasco da Gama ya koma Lisbon daga Indiya ta gaskiya da kayan yaji, alhali Indiyar Kolumbus ba ta mayar da kuɗin da ake zuba mata ba. A 1498 kuma shi da kansa ya taɓa gaɓar babbar nahiya a yankin Paria, a Benezuwela ta yau, inda aka ga lu'ulu'u, sai ta bayyana cewa abin da aka yi alkawarin mallaka wa gida ɗaya har abada ya fi Sifaniya kanta girma. Tun 1499 aka fara ba wasu matuƙa irin su Alonso de Ojeda da Vicente Yanez Pinzon izinin tafiya ba tare da an tuntuɓe shi ba. Rashin iya mulkinsa ya ba sarakunan dalili na gaskiya, buƙatarsu ta warware yarjejeniyar 1492 kuma ta sa suka riƙe dalilin da hannu biyu.

Wannan salo ba baƙo ba ne ga mai koyar da tarihin ƙasarmu. Ingila ta bar kamfanin Royal Niger na George Goldie ya share mata hanya a kogin Kwara da Binuwai tun daga 1886, da al'amarin ya girma ta soke izinin mulkinsa, ta biya shi fam 865,000 da wani kaso na kuɗin ma'adinai, Lugard ya ɗaga tutar gwamnati a Lokoja ranar 1 ga Janairu 1900. An bar wa kamfani kuɗi, an karɓe mulki. Bambancin shi ne Goldie bai sha mari ba.

Bayan marin

Da labari ya isa fada, sarakunan suka ba da umarni a sake shi, suka aika masa da kuɗin guzuri, suka karɓe shi a Granada ranar 17 ga Disamba 1500 da kalamai masu daɗi. Kafin nan ya rubuta wasiƙa zuwa ga Juana de la Torre, wadda ta yi renon yarima Juan kuma take da kunnen sarauniya, inda ya kafa hujjar da ta fi kowace bayyana tunaninsa: ya ce ana auna shi kamar gwamnan da aka tura Sisili ko wani birni mai tsararrun dokoki, alhali kamata ya yi a auna shi a matsayin kwamandan da ya je cin ƙasar mutane masu yawa masu yaƙi. Duk zafinsa a kan Bobadilla ya sauke shi, sarakunan da suka sa hannu a takardun kuwa bai daina yi musu biyayya ba. Dama zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa.

A watan Satumba na 1501 aka ba da umarni a mayar masa da dukiyarsa da kasonsa, aka yarda ya aika wakili ya karɓo masa, aka kuma sauke Bobadilla. Amma a watan nan ne aka naɗa Ovando gwamna, wanda ya tashi a Fabrairu 1502 da jirage wajen 30 da mutum kusan 2,500. Shi kuwa Kolumbus jirage 4 aka ba shi don tafiyarsa ta huɗu, da sharaɗin kada ya sauka a Hisfaniyola a kan hanyarsa ta zuwa. Duk da haka a ƙarshen Yuni 1502 ya tsaya a bakin Santo Domingo yana neman mafaka, ya kuma yi gargaɗin cewa guguwa na tafe, kada ayarin da ke shirin komawa Sifaniya ya tashi. Ovando ya hana shi shiga, ayarin ya tashi, guguwar ta nutsar da mafi yawan jiragen da mutum wajen 500, cikinsu har da Bobadilla. Ƙaramin jirgin da ya isa Sifaniya lafiya, mai suna Aguja, shi ne ke ɗauke da zinariyar Kolumbus, abin da ya sa maƙiyansa suka ce sihiri ya yi.

Tafiyar ta ƙare da shi a Jamaika, inda jiragensa suka ruɓe ya maƙale shekara guda, daga Yuni 1503 zuwa Yuni 1504, Ovando kuma bai yi gaggawar aika masa ceto ba ko da Diego Mendez ya ƙetare teku a kwalekwale ya kai labari. Ya isa Sifaniya a farkon Nuwamba 1504, Isabela ta rasu ranar 26 ga watan, Fadinan kuwa ya saurare shi da ladabi ya yi masa tayin musanya haƙƙoƙinsa da wata ƙasa a Kastil, ya ƙi. Ya mutu a Valladolid ranar 20 ga Mayu 1506. Ka gyara wa ɗalibanka wani kuskure da ya yaɗu: bai mutu matalauci ba, yana da barori da kuɗin shiga daga zinariyar Hisfaniyola, abin da ya rasa shi ne mulki. Fernando ya ce marin nan yana ajiye a ɗakin mahaifinsa kullum, har ya yi wasiyya a binne shi da shi.

Magadansa suka kai gwamnati ƙara a 1508. Babban ɗansa Diego, wanda ya auri 'yar gidan Alba mai ƙarfi a fada, ya je Santo Domingo a matsayin gwamna a 1509, amma a bisa ganin damar sarki, ba a bisa gado ba. Shari'ar ta ja har 1536, lokacin da aka yi sulhu da jikansa Luis: ya riƙe muƙamin kwamandan teku, aka ba shi sarautar Veragua a Panama ta yau da tsibirin Jamaika da dukat (kuɗin zinariya na lokacin) 10,000 duk shekara, shi kuma ya saki muƙamin wakilin sarki da ushirin da aka rubuta wa kakansa a Santa Fe.